Ƴan kasuwa: wace manhaja za ta nemo muku takardunku cikin kwamfuta?

Duk mai ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san darajar takarda. In takardar duwan ko rasit ya ɓace, gardama ta tashi, kuɗi kuma na iya salwanta. Yau da yawa daga cikin takardun nan suna cikin kwamfuta, sai dai ajiya ba ta da amfani in ba a ga abu ranar da ake nemansa ba.

Manhajojin bincike iri biyu ne. Everything, wadda ake samu kyauta don Windows, tana nemo takarda da sunanta nan take. DocFetcher, ita ma kyauta, tana leƙa cikin rubutun Word, Excel da PDF: a rubuta sunan wanda ake bi bashi, sai ta fito da duk inda ya bayyana. Dukansu suna aiki ba tare da intanet ba.

Amma DocFetcher ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto. Saboda haka, Hajiya, in kin ɗauki hoton rasit, ki sa masa suna da kwanan wata da irin kayan, misali "2025-03-15 atamfa Kano".

Ku zaɓi manhajar da ke barin takardunku inda kuka ajiye su, domin manhaja ma tana mutuwa: a 2011 kamfanin Google ya dakatar da Google Desktop. Sannan kowace Juma'a ku kwafe komai cikin kile USB, ku ajiye shi a gida, ba cikin shago ba.