Kwamfutar Da Ke Mutuwa Da Kanta: Ina Cutar Take?

Sau da yawa ɗalibi ko ma'aikaci yakan tara ɗan abin da ya samu, ya sayi sassan kwamfuta ɗaya-ɗaya, ya harhaɗa da hannunsa. Sai kuma ana tsakar aiki ta ƙame, ko ta mutu ta sake tashi, aikin yini guda ya salwanta. Nan da nan akan ɗora wa manhaja laifi, a goge komai a sake zubawa, amma cutar tana nan. Galibi tana ɓoye ne a jikin babban allon nan da kowane sashi ke maƙale a kansa, watau madabod, ko kuwa a wutar da ke shigarsa.

Ƙa'idar masu gyara ita ce a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Da farko a cire duk abin da ba dole ba ne, a bar furosesa da sandar ram guda ɗaya da akwatin rarraba wuta. In ta zauna lafiya, sai a riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Ram ana jarraba ta da manhajar Memtest86, wadda ta fito tun 1994, a bar ta tana aiki dare guda. Akwatin wuta kuwa da mita ake aunawa: layukansa na bolt 12 da 5 da 3.3 bai kamata su kauce fiye da kashi 5 cikin ɗari ba.

Bayan haka sai a ƙura wa allon ido. A gefen furosesa akwai waɗansu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasito, aikinsu shi ne daidaita wuta don kada ta riƙa rawa. Lafiyayye kansa a shafe yake. Wanda kansa ya kumbura, ko ya fitar da wani abu kamar tsatsa, to ya lalace.

Wannan cuta ta taɓa zama annoba. Daga wajen 1999 zuwa 2007 alluna masu ɗimbin yawa sun mutu tun ba su tsufa ba. Rahotannin 2002 da 2003 sun danganta abin da waɗansu masana'antu na Taiwan da suka yi amfani da sataccen sirrin haɗa ruwan da ke cikin kafasito, alhali sirrin bai cika ba. Ruwan ya riƙa haifar da iskar haidurojin har gwangwanin ya tsage. Kamfanin Dell na Amurka ma ya sha tasa wahalar, domin a 2005 ya ware kimanin dala miliyan 300 saboda gyaran kwamfutocinsa masu lalatattun kafasito.

Zafi shi ne babban abokin gaba, gama ƙarin digiri 10 yakan rage rabin rayuwar kafasito. Saboda haka mazauna Kano ko Sakkwato, inda ƙurar hunturu ke toshe fanka sannan bazara ta biyo da zafinta, lalle su riƙa buɗe akwatin suna hure shi, musamman in allon na hannu ne.

Mai gyaran rediyo da ya iya aikin dalma yana iya canja kafasito da kuɗi kaɗan. Wanda ya yi gaggawar sayen sabon allo bai auna wuta ba, mai yiwuwa ne ya yi asara sau biyu.