Kafin a Ce Kwamfuta Ta Mutu a Gandi

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi ban kwana da jarrabawar takarda da fensir. Duk yaron da ya gama sakandare a Gandi ko Rabah ko Wurno ko Goronyo, in dai yana da burin shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata makarantar gaba, dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi kafin lokaci ya cika. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara bin wannan sahu da masu rubuta jarrabawarta daga waje. Kwamfutar tebur guda ɗaya tak da ke aiki a makarantar karkara takan hana yaro ya fara taɓa linzamin kwamfuta a ranar jarrabawa, hannu na rawa, agogo na gudu.

Kwamfutocin kuwa suna zuwa. Hukumar NITDA da asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC sun daɗe suna raba su ga makarantu a faɗin ƙasar nan, ga na 'yan siyasa da na ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Abin da ke damuna shi ne inda da yawansu ke ƙarewa: ƙuryar sito, an lulluɓe su da tsohon labule. Ka tambaya a ce maka, "Ai Malam, ta mutu." Ka ce me ya same ta? "Mun danna, ba ta tashi ba." Iyakar binciken ke nan.

Ba na ganin laifin mai wannan amsar. Kai kwamfuta Sakkwato daga Gandi ba ƙaramin aiki ba ne: ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kuɗin mai gyara, ga yinin da za a rasa. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a watan Yulin 2018, wanda ya kwararo da jama'a zuwa cikin Gandi, mutanen yankin ba sa hawa hanya sai da dalili mai ƙarfi. Amma "ba ta tashi ba" ciwo ne mai sanadi da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne mafi arha a jikin na'urar baki ɗaya, wato ɗan maɓallin da ake dannawa a gaban akwatin.

Mutane da dama suna zaton wannan maɓalli irin makunnin fitilar bango ne, wanda wutar lantarki ke bi ta cikinsa. Haka abin yake a tsofaffin kwamfutoci na da can. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, wanda shi ne ya zama ruwan dare, kuma a wannan tsari maɓallin gaba ba ya ɗaukar wutar soket ko kaɗan. Wayoyi biyu ne sirara suka fito daga bayansa suka tafi kan babban allon da ke cikin akwatin, wanda masu gyara ke kira madabod. Idan ka danna, ƙarafa biyu 'yan mitsi-mitsi su haɗu na ɗan lokaci. Ka ɗaga yatsa su rabu. Shi ke nan aikinsa.

To wa ke jin wannan dannawa alhali kwamfutar a kashe take? A can bayan akwatin akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka, fawa sufulai, wanda ke karɓar wutar soket mai ƙarfin bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Muddin filogi na jikin soket kuma akwai wuta, wannan akwati yana ci gaba da tura 'yar wuta mai bolt 5 ta wata waya mai launin shunayya, ko da komai ya yi tsit. Wani ɓangare na madabod yana rayuwa da ita, kamar mai gadin da ke zaune a zaure idonsa biyu duk gida na barci. Maɓallinka ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Da mai gadin ya ji, sai ya aika wa fawa sufulai umarni ta koriyar waya, fanka ta juya, wuta ta shiga ko'ina. Idan kuma aka danne maɓallin aka riƙe na kimanin daƙiƙa 4, madabod yakan ɗauka ana son a kashe ta da ƙarfi, sai ya yanke wutar.

Wannan na ƙarshe yana bayyana wata alama da ke ruɗa mutane ƙwarai. Kwamfuta ta tashi, fanka ta juya, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta ɗauke ɗif. A sake, ta sake. Sau da yawa maɓallin ne ya maƙale a ciki. A ƙasar Sakkwato dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙurar hunturu mai laushi kamar gari tana shiga kowace kafa, daga Nuwamba har wajen Fabrairu, ta haɗu da maiƙon yatsa ta zama danƙo. Bazara ta zo da zafin da kan haura maki 40, robar da ke tura maɓallin ta bushe ta yi gautsi. Yaro ya danna ba ta tashi ba, saboda wataƙila ma babu wuta, sai ya ƙara ƙarfi, ɗan haƙorin robar ya karye, ko ainihin makunnin ya zame daga mazauninsa ya faɗa ciki. Daga nan ko sau nawa aka danna, iska ake dannawa.

Kafin a ɗauki sukundireba sai a gama da waje tukuna. A gwada soket ɗin da wani abu, ko cajar waya ce. A canza wayar wuta da ta wata na'urar. Filogin nan mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, kuma yakan ƙone. A duba bayan akwatin, domin fawa sufulai da yawa suna da nasu makunnin mai alamar I da O, kuma mai shara kan buge shi bai sani ba. In da ƙaramin janareta ake aiki an kuma ɗora masa kaya fiye da ƙima, wutar na iya yin rauni har kwamfuta ta ƙi amsawa. Akwai kuma wani jan makunni ƙarami a bayan wasu tsofaffin kwamfutoci, mai lamba 115 da 230. Na'urorin gwanjo da suka fito daga Amurka kan zo a kan 115. Wanda ya jona irin wannan a wutarmu bai mayar da shi 230 ba zai ji ƙara ya ga hayaƙi, kuma wannan ɓarnar ta wuce maganar maɓalli.

In waje lafiya lau ne, a zare filogi daga bango gaba ɗaya. A danne maɓallin na ɗan lokaci don ragowar wuta ta tsiyaye. A kwance noti biyun da ke riƙe da murfin gefe, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki, saboda a lokacin hunturu jikin mutum kan tara irin wutar nan da ke tsartuwa idan an cire riga, kuma tana iya lalata ƙananan kayan allon.

Abin da za a fara gani shi ne ƙura, ja-ja, ta yi kauri a kan fanka, wani lokaci har da gidan zanzaro a lungu ko kashin ɓera. A share da busasshen burushi mai laushi. Sannan a bi siraran wayoyin da suka fito daga fuskar akwatin. Za su kai ka wani gungu na 'yan allurai a gefen madabod, galibi a ƙasa ta hannun dama. Kowace waya tana da ɗan baƙin kai da rubutu a jiki. Wanda ake nema shi ne mai POWER SW ko PWR SW, kuma a jikin allon ma akwai irin wannan rubutu ƙanana, sai an haska da tocilan. Ba abin mamaki ba ne a tarar kan ya zare ne kawai, musamman in na'urar ta sha girgiza a bayan mota. A mayar da shi, aiki ya ƙare.

Idan yana nan daram, ga gwajin da ke raba gardama. A ɗauki hoton wurin da waya don kada a manta mazaunin kowace. A zare kan POWER SW, allurai biyu su bayyana tsirara. A mayar da filogi a bango. Sai a sa bakin sukundireba mai mariƙin roba a taɓa alluran nan biyu tare, taɓawa ɗaya, a ɗauke. Wutar da ke wurin ba ta wuce bolt 5 ba, ba ta jan mutum. Abin kiyayewa shi ne kada ƙarfen ya zame ya taɓa wani wuri. In fanka ta juya, allon kallo ya kawo haske, to kwamfutar da aka yi wata da watanni ana yi wa ta'aziyya lafiyarta ƙalau. Maɓalli ne ko wayarsa.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo shi ne aron maƙwabci. Akwatuna da yawa suna da maɓalli na biyu, ƙarami, na sake tayar da na'ura, kan wayarsa na ɗauke da rubutun RESET SW. Shi da na kunnawa iri ɗaya ne sak. A kashe wuta, a zare shi a dasa a kan alluran POWER SW. Ba ruwansa da wace waya ce a dama ko hagu. Wayoyin 'yan fitilun gaba ne kaɗai ke da wannan sharaɗi. Daga ranar ƙaramin maɓallin ne zai riƙa kunna ta, sai a manna takarda a rubuta don masu amfani su sani. In babu shi, a ciro maɓalli da wayarsa daga wata matacciyar kwamfuta a sito, ko a yi saƙonsa wurin masu gyara a Sakkwato. Abu ne da zai shiga aljihun direba. Duk mai gyaran rediyo ko wayar hannu da ya iya liƙi da dalma zai iya haɗa sabon makunni a kan tsohuwar waya. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama irin wanda ke dawowa da kansa idan an sake shi, kamar na ƙararrawar ƙofa. Makunnin bango mai zama a inda aka tura shi zai sa ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 4.

Wasu masu gyara sukan bi ta wata hanya: su shiga saitin BIOS su umarci kwamfutar ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da wuta ta zo. Yana aiki, amma ni ba na ba da wannan shawara a yankin da wutar Kaduna Electric ke zuwa tana ɗaukewa babu sallama. Lokacin da aka dawo da wuta shi ne lokacin da ta fi zuwa da hauka, kuma a daidai nan ne aka ce na'urar ta buɗe baki. Sai dai in tana kan sola da inbata mai tsayayyen ƙarfi.

Wajibi ne a yi hattara da manyan kamfanoni. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke kasuwanninmu Dell OptiPlex ne da HP, kuma su sukan yi nasu tsarin daban: wayar maɓallin tana zuwa cikin dunƙulallen kai mai ramuka biyar ko fiye, babu rubutun da ke nuna wace allura ce wace. A nan ba a lalube da sukundireba. A nemi takardar bayanin wannan samfurin a intanet, ko a sayi maɓallinsa da wayarsa a haɗe, a tafi da lambar samfurin a rubuce. Wasu Dell ɗin suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa sufulai, wanda ke nuna lafiyarsa ba tare da an buɗe komai ba.

In kuwa an taɓa alluran shiru, zargi ya koma kan fawa sufulai ko madabod. Masu gyara kan raba fawa sufulai da allon, su haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe a jikin babban kan wayoyinsa mai ramuka 24, su ga ko fanka za ta juya. Iyakar inda mai koyo zai tsaya ke nan. Akwatin fawa sufulai ba a buɗe shi, domin a cikinsa akwai kayan da ke riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare filogi. Canza shi ake yi ɗungurungum.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Masu arziki suna zubarwa don sun ga sabo. A wurinmu akan jingine na'ura ne don babu wanda ya san abin da zai duba, ko kuma akwai shi amma yana tsoro. Shugaban makaranta ya san kayan gwamnati ne, in an buɗe wani abu ya ɓace shi za a tuhuma, don haka ya gwammace ya kulle sito ya riƙe makulli. Wannan tsoron yana da tushe, kuma Ma'aikatar Ilimi ta jiha da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin Rabah da Wurno da Goronyo ne za su iya cire shi. Su ba malami ɗaya a kowace makaranta izini a rubuce na buɗe akwati, da littafin da zai riƙa shigar da abin da ya cire da abin da ya saka, shugaba ya sa hannu. Horon da ake buƙata don duk abin da aka zayyana a nan bai fi na yini ɗaya ba, kuma malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato za su iya bayar da shi. Kayan aikin su ne sukundireba mai baki huɗu, burushi, tocilan da mitar gwada wuta. Duk hukumar da za ta sake kawo kwamfutoci yankin, ta sako waɗannan a cikin kwalin tare da 'yan maɓallai na ajiya.