Idan Haboba Ta Ƙi Wanka

Yau shirin namu ya leƙa Aljirif, unguwar masu gasa jan bulo da ke bakin Shuɗin Nilu a Khartum, kan wata matsala da ake jin nauyin faɗinta: tsohuwa mai gigin tsufa da ta ƙi wanka.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ruwa ya yi wuya a Khartum da Omdurman. To, a ce jika ta sha wahalar ɗebo jarka guda, ta ɗumama, sai haboba, wato kaka, ta ƙanƙame zanenta tana cewa, "Ai na yi ɗazu." Dole rai ya ɓaci. Amma ba taurin kai ba ne, cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita. Ƙwaƙwalwar ta daina riƙe abin da ya faru ɗazu, wani lokaci har fuskar jikar ta ɓace mata. Wace dattijuwa ce za ta yarda baƙuwa ta tuɓe ta?

Don haka gardama ba ta da amfani, dole kuwa tsoro kawai take ƙarawa. A bi ta ƙofar da ta saba. "Haboba, azahar ta yi, ga buta." Da yawa waɗanda suka manta sunayen 'ya'yansu, hannunsu bai manta alwala ba. Daga nan a zaunar da ita bakin angareb, wato gadon igiya, zane na lulluɓe da ita, a goge gaɓa ɗaya da tsumma mai ɗumi, a rufe, sannan a koma wata. A sa mata tsumman a hannu ta taya. Ƙamshin dilka da ta sani tun tana amarya yakan kwantar mata da hankali. In Hausa ta fara ji a duniya, a yi mata Hausa, domin a wannan cuta harshen ƙuruciya ya fi daɗewa. Mace ta kula da mace, namiji da namiji.

In ta ƙi yau, a ƙyale ta zuwa anjima. Wanka sau biyu a mako ya wadatar, muddin ana tsarkake gaba, hammata da lungunan fata kullum. Amma in ƙin ya zo farat ɗaya, ko tana kuka in an taɓa ta, a nemi likita, wataƙila gyambo ne ko ciwon fitsari.

Ku kuma 'yan'uwa, don Allah ku riƙa karɓar mai jinyar nan ko da yini ɗaya ne a mako, ita ma ta huta.