Yadda Ake Gane Baƙon Ƙwaro Daga Hotonsa

Nau'o'in ƙwarin da masana suka raɗa wa suna sun kai kimanin miliyan ɗaya, kuma kowace shekara ana gano wasu. Shi ya sa mutum kan ɗauki hoton ƙwaro da waya a gona ko a gindin fitila, a rasa wanda ya san sunansa. Gane irin wannan ƙwaro yana da tsari: ana farawa da babban rukuninsa, a gangaro kan danginsa, sannan nau'insa.

Matakin farko shi ne ƙirga ƙafafu. A wurin masana, ƙwaro na ainihi yana da ƙafa shida, jikinsa kuma kashi uku ne: kai, ƙirji da ciki. Gizo-gizo da kunama masu ƙafa takwas ne, shanshani kuwa ƙafafunsa sun fi haka yawa, don haka rukuninsu daban ne.

Daga nan sai fukafukai, waɗanda su ne suka fi raba gardama. Ƙuda da sauro fukafukai biyu gare su. Zuma da rina suna da huɗu, ga siririn ƙugu. Buzuzu da danginsa fukafukansu na sama ɓawo ne mai tauri da ke haɗuwa a miƙaƙƙen layi a tsakiyar baya. Malam-buɗe-littafi yana da wata ƙura mai launi a fukafukansa, fara da gyare kuma ana gane su da manyan ƙafafun baya na tsalle.

Launi ne ya fi saurin jan ido, kuma shi ne ya fi ruɗi. Akwai ƙudajen da ke da zanen rawaya da baƙi irin na zuma, alhali ba su da harbi; manyan idanunsu da fukafukansu biyu ne ke tona su. Farar ɗango ma takan sauya launi idan ta taru cikin ayari, ta yi ja-ja tana ƙuruciya, ta koma rawaya idan ta balaga.

Hoto mai amfani shi ne wanda aka ɗauka ta sama da ta gefe, kai ya fito sarai, da wani abu kusa kamar tsinken ashana don a kimanta girma. Wuri, kwanan wata da shukar da aka same shi a kai duk hujjoji ne. Tsutsar nan mai cinye masara, wadda aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, ana tabbatar da ita ne da alamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da ƙarshen jikinta. Hoton da ya ɓoye su ba zai taimaki malamin gona ba.

Manhajoji irin su Google Lens da iNaturalist kan kawo hasashe nan take. A iNaturalist, wadda aka fara a 2008, masana da masu sha'awa kan duba hoton su tabbatar ko su gyara. Hasashen na'ura yakan yi rauni a yankunan da ba a tara hotunansu da yawa ba, ciki har da ƙasashen Sahel. Wasu nau'o'in kuma ba a rarrabe su sai da madubin ƙara girma, don haka tsayawa a kan sunan dangi ya fi ƙaƙaba wa ƙwaro sunan da ba nasa ba.