Feda da Guduma: Ayarin Kekunan da Ke Ratsa Amurka Don Gina wa Talakawa Gidaje

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, inda duk shekara idan zafi ya shigo wani ayari a ƙarƙashin wata cibiyar Kiristoci ke hawa kekuna su ratsa ƙasar, suna tara kuɗin gina wa marasa galihu gidaje, suna kuma sauka su yi aikin ginin da hannunsu.

Mai shirya tafiyar ita ce cibiyar Fuller Center for Housing, da ke garin Americus a jihar Jojiya. Millard Fuller da matarsa Linda ne suka kafa ta a 2005. Millard lauya ne kuma ɗan kasuwa, wanda ya zama miloniya tun bai cika shekara 30 ba. Da neman kuɗi ya nemi kashe masa aure, sai shi da Linda suka rabar da dukiyarsu suka koma hidimar addini. Sun yi shekara uku suna gina gidaje a Mbandaka ta ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, sannan a 1976 suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya daɗe yana yi mata aikin kafinta. Ƙa'idarsu ɗaya ce tun farko: a sayar wa talaka gida ba riba, ya biya kaɗan-kaɗan ba kuɗin ruwa. Millard ya kafa hujja da Littafin Fitowa na Baibul, inda aka hana ɗora wa matalauci ruwa a kan bashi.

A 2008 aka fara tafiyar keken, daga San Diego a bakin tekun Fasifik zuwa Savannah a bakin tekun Atlantika. Nisan ya haura kilomita 5,000, kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Legas har sau biyar. Millard ya rasu a watan Fabrairun 2009, amma tafiyar ta ɗore, har aka ƙara wasu gajeru, irin ta hanyar Natchez Trace da ta ratsa jihohin Tennessee da Alabama da Mississippi.

(Gajeren kiɗa)

To, yaya ranar mahayan take? Tun da asuba ake tashi, a naɗe shimfiɗa, a share ɗakin cocin da aka kwana, a loda jakunkuna a motar rakiya. Sai a yi da'ira a waje, kowa riƙe da kekensa, wani daga cikinsu ya ja gajeriyar ibadar safe, a yi addu'a, a ɗaura hular kwano, a kama hanya. A yini guda sukan yi kilomita 100 ko fiye. Cikinsu akwai ɗalibai, akwai tsofaffin da suka yi ritaya, kuma ba a tambayar mutum ɗarikarsa ko addininsa kafin a karɓe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne mahayan da ake ware wa aikin tsayawa a ƙarshen ayari. Komai ƙarfin ƙafarsu, ba za su wuce mai rauni ba. Idan tayar wani ta yi faci a tsakar rana, kwalta na tururi, sai su jingine kekunansu, a cire taya, a laluba cikinta da yatsa har a zaro ƙayar ko ɗan tsinken wayar da ya huda ta, a sa sabon tib, a buga iska. Idan hawan tudu ya gagari wani dattijo, kacar kekensa na ƙara, numfashinsa na sama-sama, suna nan bayansa suna ce masa saura kaɗan. Ba a cewa an sauka sai na ƙarshe ya iso.

Masauki kuwa coci-cocin garuruwan da ke kan hanya ne. Su ke buɗe ƙofa, su dafa abincin dare, mahayan su kwanta a ƙasa. Wannan ya sa kuɗin da kowane mahayi ya tara wurin 'yan uwa da abokan arziki ba ya ƙarewa a otal, yana tafiya ga aikin gidaje.

Sai kuma ranakun aiki, waɗanda su ne zuciyar tafiyar. A ajiye keke a ɗauki guduma. Ƙafafun da suka sha feda jiya, yau su ne kan tsani ana sauya rufin da ke yoyo, ana shafa fenti, ana kafa gangaren katako a ƙofar mai keken guragu don ya riƙa fita da kansa. Mai gidan ma yakan sa hannu gwargwadon ƙarfinsa, daga baya ya biya abin da ya sawwaƙa, a juya kuɗin a gyara wa wani. Dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin cibiyar ya iso Najeriya ma, domin ta gina gidaje masu sauƙin biya a Luvu, kusa da Masaka a jihar Nasarawa, inda tsadar hayar Abuja ke koro ma'aikata masu ƙaramin albashi.

Masu sauraro, juriyar da mutum ya yi don a yaba masa tana ƙarewa ranar da aka daina tafi. Waɗannan mahaya sun ɗora tasu wahalar a kan buƙatar maƙwabci, shi ya sa ko bayan ciwon cinya ya warke, akwai iyalin da ke barci ruwan sama ba ya zubo musu. Kowace unguwa a garuruwanmu tana da rufin da ke yoyo, tana kuma da matasa masu ƙarfi a masallatai da majami'u. Haɗa su kawai ya rage.



(Kiɗan rufewa)