Katangar Kowa, Wa Zai Yaɓe?

A Gummi, Anka ko Bukkuyum, babu wanda bai san gidan gado ba. Mahaifi ya rasu, an raba ɗakuna, kowane magidanci ya kama sashensa. Amma zaure da rijiya da katanga ba sa rabuwa. Kowa na yaɓe ɗakinsa da kansa, katanga kuwa sai hadari ya haɗu ake tambayar wa zai sayo ƙasa, wa zai biya magini. Wanda ya ga ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 ya san ruwa ba ya jiran a gama gardama.

Dogayen benayen da ake sayar wa jama'a sashe-sashe a manyan birane gidan gado ne da aka miƙar tsaye. Kowa da ƙofarsa, amma rufi da harsashi na kowa ne, kuma kwamitin masu gida ke karɓar kuɗin gyara. A garin Surfside na jihar Florida ta Amurka, tun 2018 injiniya ya shaida wa masu wani bene mai hawa 12 cewa ginin ya samu babbar illa. Aka yi ta ja-in-ja kan kuɗin gyaran, wanda ya kai kusan dala miliyan 15. Ranar 24 ga Yunin 2021 benen ya rufta, mutum 98 suka rasu.

Daga nan 'yan majalisar jihar suka tashi tsaye. Dokar 2022 ta wajabta binciken duk bene mai hawa 3 ko fiye idan ya shekara 30, ta kuma hana masu gida haɗa baki su ƙi tara kuɗin manyan gyare-gyare. Ta 2024 ta ce ginin da ke da sassa 25 ko fiye ya sa takardunsa a intanet, ta tanadi hukunci ga ɗan kwamitin da ya karɓi na goro. Afirka ta Kudu kuwa ta kafa hukumar sasanta irin wannan rikici da dokar 2011: sulhu tukuna, in ya faskara a yanke hukunci.

Duk wannan ba baƙo ba ne a gidan gado. Babban wa ne ke riƙe da kuɗin, kuma kunya ta hana ƙane cewa, "Yaya, ina lissafi?" Shekara ta zagayo, zargi ya shiga, wannan ya daina bayarwa, wancan ma ya janye hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a ankara magana ta wuce mai unguwa, ta wuce hakimi, 'yan uwa ciki ɗaya na tsaye gaban alƙali.

Amfanin doka shi ne ta ɗauke wa ƙane nauyin tambaya, ta kare wa mai riƙon amana mutuncinsa. Mu ba sai mun jira majalisa ba. Da kaka, lokacin da hatsi ke rumbu, a zauna a yanke abin da kowane sashe zai bayar, har da kason mata da marayu. A rubuta a littafi, a karanta shiga da fita gaban kowa. Sannan tun ana dariya da juna a amince da dattijon da zai raba gardama, domin ranar da rai ya ɓaci babu sunan da kowa zai yarda da shi.