Dabo: sana'ar rufa-ido da ke neman mai rubuta tarihinta

Duk wanda ya tashi yana cin kasuwannin mako na jihar Maradi, daga Cadawa zuwa Agiye da Gazawa, ko Tsibirin Gobir da Gidan Rumji, ya san yadda abin yake farawa. Kiɗa ne zai tashi a gefen kasuwa, yara su ruga, manya su biyo baya, a yi da'ira. A tsakiya ga mutum da jaka da ƙyalle da ƙoƙuna. Ya nuna hannunsa ba kome, ya kai shi bayan kunnen wani yaro, sai ga dala ta fito. Wannan shi ne ɗan dabo, sana'arsa kuma dabo ko rufa-ido, wasu su ce siddabaru.

Ba shi kaɗai ke riƙe da dandali ba. Akwai gardawa masu wasa da maciji da kura, da ƴan tauri masu gwada wuƙa a jikinsu, da ƴan kama da ƴan gambara masu ban dariya. Yawancinsu ba da kuɗin kallo kaɗai suke ci ba. Wasan shi ke tara jama'a, daga baya a fito da magani a sayar.

Yaya dabo ke aiki?

Ido ba ya iya bin abu biyu a lokaci guda, kuma a kan wannan aka gina sana'ar. Ɗan dabo yakan ɗaga hannun dama yana surutu, kowa ya bi shi da kallo, alhali na hagu ne ke aikin. Makaɗi ma yana da nasa rabo: idan ya tsananta kiɗa, hankali ya koma kansa, a nan ake sauya abu. Wani lokaci wanda aka kira daga cikin taro ya riƙe ƙyalle abokin tafiya ne. Sauran kuwa horo ne na shekaru, har yatsu su iya ɓoye kuɗin ƙarfe a tafin hannu ba tare da hannun ya nuna alama ba.

Masu sana'ar sukan ce asiri suka gada, kuma wannan maganar tana ƙara wa wasan kwarjini. Sai dai a nan haɗarin yake. Ɗan dabo na kasuwa kowa ya san wasa yake yi: a kalla, a yi dariya, a jefa masa abin da ya sawwaƙa, a watse. Ɗan damfara kuwa da irin wannan saurin hannun yake amfani, amma a ɗaki, yana alkawarin mayar da jika goma ta zama ɗari. Wanda ya fahimci yadda ake fitar da dala daga kunne ba zai kai kuɗin gyaɗarsa ko na ragonsa a ninka masa ba.

Lokacin da dabo ya shiga siyasa

A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shahararren ɗan dabonta, Jean-Eugène Robert-Houdin, zuwa Aljeriya, don ya rage tasirin malaman da ke nuna abubuwan mamaki suna zuga mutane a kan mulkin mallaka. A birnin Aljas ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga ƙaramin akwati, ya ɗaga ba wuya. Ya ce ya zare masa ƙarfi, mutumin ya yi ta fama akwati ya ƙi motsi. Sirrin shi ne ƙarfe a gindin akwatin, da maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin dandamali. Yau a garinsu Bulwa akwai gidan tarihi na dabo da ke tunawa da shi.

A Amurka kuwa an yi Ricky Jay, wanda aka haifa a 1946, ya rasu a watan Nuwamban 2018. Gwanin karta ne, har yakan jefa kati ya kafe a ɓawon kankana. Amma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya zama marubucin tarihin sana'arsa. Ya shafe rayuwarsa yana tara tsofaffin takardun talla da littattafai na masu wasan kasuwa, kuma a 1986 ya fitar da littafi a kan masu haɗiye duwatsu da masu wasa da wuta da dabbobin da aka horar. Ba don shi ba, da sunayen da yawa daga cikinsu sun ɓace.

Wa zai rubuta namu?

An ɗan taɓa aikin a ƙasar Hausa. Gidley ya yi nazarin ƴan kama a 1967. Janet Beik ta wallafa littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a 1987, Shu'aibu Ɗan Inna kuma ya yi bincike a kan wasannin Hausawa da aikin Yazi Dogo. Mai ɗaukar hoto na Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya fitar da hotunan gardawan kura na Najeriya a 2007, suka zagaya duniya. To amma hoto ba ya faɗin wa ya koya wa mutum sana'a, ko wace kasuwa yake bi bayan kaka.

Lokaci kuwa ba ya jira. Salula ta kawo wa yara abin kallo har cikin ɗaki. Wa'azi ya sa wasu magada sun ajiye jakar iyayensu. Matsalar ƴan bindiga a kan iyakar Gidan Rumji da Najeriya ta taƙaita yawon kasuwanni, wanda shi ne gonar ɗan dabo.

Wuraren da za su iya aikin suna nan: Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maradi, cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai, da gidajen rediyon karkara. Ba sai an tona sirrin kowa ba. Ya isa a zauna da dattawan sana'ar a ɗauki muryarsu: sunan maigidan da ya horar da su, kirarinsu, kiɗan da ake yi musu, da hanyoyin da suka bi daga Gazawa zuwa Katsina. Ɗalibi ɗaya da salula ɗaya zai iya fara wannan a ranar kasuwa mai zuwa, tun masu ba da labarin suna da rai.